Kwali Ko Kara: Yadda Kuɗin Sigari Ke Gwada Zaman Aure

Duk mai tebur da ke bakin titi ya san cewa ribar sigari a kan kara take. In ya sayar da kwali a rufe, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. In kuwa ya fasa shi ya sayar ɗai-ɗai, sai kara 20 ɗin nan su kawo masa abin da ya fi haka. Mashayin ma ya sani. Duk sa'ad da ya miƙa canji ya karɓi kara biyu, yana sane da cewa ya biya fiye da wanda ya ɗauki kwali. Akwai kuma mutum na uku da ya san wannan lissafi, sai dai ba a cika tambayarsa ba: matar gida, wadda kuɗin cefane ke bi ta hannunta, wadda ta san farashin kwanon masara na jiya da na yau.

Ita ce ke shiga tsaka mai wuya. Mijinta yana sha, ta yi magana har ta gaji, bai bari ba. To tun da kuɗin fita za su yi ko ta so ko ta ƙi, shin ba gara ta ba shi shawara ya riƙa sayen kwali ba, ko ma ita ta sa a sayo masa a kasuwa a farashin sari, ragowar canjin ya shiga tukunya? Hankali yana cewa haka ne. Zuciya kuwa tana cewa a'a. Ranar da ta sa hannunta a sayen, ta zama abokiyar tarayya a abin da take roƙon Allah ya raba shi da shi. Kuma kwalin da ke aljihu ba ya jiran lokaci kamar karan da sai an taka zuwa wurin mai tebur.

Wannan ja-in-ja tsakanin tattali da aƙida ba a gidan talaka kaɗai take ba. Matar da ke dawowa daga Dubai ko Alƙahira, ta ratsa shagon filin jirgi inda ake sayar da sigari ba haraji, tana iya samun saƙo a waya: "Ki taho mini da katan ɗaya, ya fi araha." Ma'auratan da suka haɗa jari suka buɗe tireda su ma sukan yi sa-in-sa a kan ko za a sa sigari a kanta, don mai sayen kara ɗaya yakan haɗa da ashana da alawa da ruwan leda. Tambayar dai ɗaya ce ko'ina: nawa ne kuɗin da zai sa mutum ya sa hannu a abin da ya yi imani cuta ne?

Abin da hayaƙi ke ci a wata

A ƙididdiga, masu shan sigari a Najeriya ba su da yawa in an kwatanta da wasu ƙasashe. Babban binciken da aka yi a kan manya a 2012, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallafa, ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya ke amfani da taba ta kowace siga, wato kimanin mutum miliyan 4.5. Masu zuƙa kuwa, maza sun kai kashi 7.3, mata ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Wannan tazara ita ta sa a mafi yawan gidajen da ake wannan rigima, miji ne mai sha, mata ce mai ƙorafi.

Bari mu yi lissafi da farashin misali, tun da farashin gaskiya yana bambanta daga Benson zuwa Rothmans zuwa Aspen da Oris, daga Kano zuwa ƙauye. A ɗauka kara ɗaya naira 50 ne, mutum kuma yana shan 10 a wuni. Naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci mai irin wannan sha yana ƙona fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa. In ya koma sayen kwali, a ce kowane kara ya sauko naira 40, zai tsira da naira 3,000 a wata. Ba kuɗin rainawa ba ne a gidan da ake auna man gyaɗa da cokali.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, abin da mata da yawa suke kawar da kai a kansa a da ya zama abin da ba ya kawar da kai. Lokacin da kuɗin cefane ke isa har a yi ragowa, sigarin maigida ƙazanta ce kawai da wari. Da ya zama an daina sa nama a miya, an koma cin abinci sau biyu, sai kowane kara ya zama yana da kishiya a cikin gida: kuɗin makarantar Islamiyya, sabulu, maganin zazzaɓi.

Masu bincike a wasu ƙasashe matalauta sun daɗe da auna wannan. A Bangladesh, wani nazari da aka buga a 2001 ya nuna cewa abin da talaka mashayi ke kashewa a taba kullum zai iya ƙara wa yaro ɗaya ko biyu abinci mai ƙarfin kalori sama da 500. A Indonesiya, alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙasar sun sha nuna cewa a gidajen talakawa, in ka cire shinkafa, babu abin da ke cin kuɗi kamar sigari. Kuɗin taba ba daga sama suke faɗowa ba. Daga kwanon wani ake ɗebo su, kuma galibi kwanon wanda ba shi da bakin magana ne.

"Na rage ki da wani abu ne?"

Duk matar da ta taɓa tayar da wannan zance ta san amsar da ke biyo baya. "Kuɗina ne ko naki?" Ko kuma wadda ta fi ta kaifi: "Na rage ki da wani abu ne?" Bai kamata a yi watsi da wannan amsa ba, don tana da tushe. A tsarin aurenmu, wanda fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa, nauyin ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji yake. In ya sauke su daidai ƙarfinsa, ragowar dukiyarsa tasa ce, kamar yadda abin da mace ta samu daga awara ko ɗinki ko adashi nata ne, ba shi da iko a kai. Magidancin da ya yi wunin rana a kan babur ko a bakin injin niƙa yana ganin kara biyun da zai sha a majalisa bayan isha'i su ne kaɗai abin da ya yi wa kansa a wunin.

Sai dai amsar tana rushewa a wurare biyu. Na farko, a gidaje da yawa an rage ta ɗin. Abin da ake ajiye mata da safe ba ya kai wa dare, ita ke cikawa da ribar sana'arta ba tare da ta faɗa ba. In haka ne, ko ba ta taɓa riƙe kwali da hannunta ba, ita ke biyan kuɗin sigarin a fakaice: duk nairar da ta cika a cefane, naira ce da ta 'yanta masa ya kai wa mai tebur. Akwai ma wanda zai leƙo ɗaki ya ce, "Maman yara, ranta mini ɗari biyu," ta kuma san inda za su. Shari'a ba ta ɗora mata wannan ba. Hadisin Hindu matar Abu Sufyan, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna girman haƙƙin ciyarwa, har aka yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijin da ke ƙuntata musu. Abincin iyali shi ne farko, abin marmari ya biyo baya.

Na biyu, maganar halacci. Malamai sun daɗe suna muhawara a kan taba. A farkon ƙarni na 17, lokacin da ta fara yaɗuwa a wannan yanki, babban malamin Timbuktu, Ahmad Baba, ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malaman zamaninsa kuma suka saɓa masa. A wancan lokaci ba a tabbatar da abin da take yi wa huhu da zuciya ba. Ɗariƙar Tijjaniyya ta hana mabiyanta ita tun asali. A zamanin nan, da hujjojin likitoci suka bayyana, Darul Ifta ta Masar ta ce haramun ce, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ma ta faɗi haka a 2010, kuma wannan ne ake ji a mafi yawan mumbarorinmu, ko da yake akwai masu tsayawa a kan makaruhi. Matar da ta taso tana jin haka, in ta ce ba za ta saya ba, ba taurin kai take yi ba. Tana gudun taimakawa a kan abin da take ganin saɓo ne, kuma biyayyar aure ba ta kai nan ba.

A nan nake ganin ya kamata maza su yi adalci. Mutumin da ba zai yarda matarsa ta tilasta masa abin da ya saɓa wa imaninsa ba, bai dace ya mayar da ƙin sayen sigari ya zama rashin ladabi ba. Kuma a tuna yadda abin yake in aka juya shi. 'Yan matan auren da ke sha, a ɓoye suke yi, a banɗaki ko bayan maigida ya fita, don sun san ranar da aka kama su zancen ba zai tsaya a kan kuɗi ba, yana iya kai wa ga takarda. Al'ummar da ke ganin sigarin mace ya isa kashe aure ba ta da hujjar cewa sigarin namiji bai isa ko a yi magana ba.

Ita ma tana sha, ba da sonta ba

A 1981, wani likita ɗan Japan mai suna Takeshi Hirayama ya wallafa sakamakon binciken da ya sauya yadda duniya ke kallon wannan al'amari. Ya bi rayuwar matan aure 91,540 waɗanda ba sa shan taba, tsawon shekara 14. Ya tarar cewa waɗanda mazansu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan abin da mijin ke zuƙa, har ya kai wajen ninki biyu ga matan masu sha da yawa. Kamfanonin taba sun kashe kuɗi masu yawa don su ƙaryata shi. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya gaskata shi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu kuma ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa.

A sa wannan a ma'aunin gidajenmu. Iyali da yawa a Kurna ko Rigasa ko Tudun Wada a ɗaki ɗaya suke kwana, ko ciki da falo, a gidan haya. Da sanyin hunturu an rufe taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Maigida ya kunna kara ɗaya kafin ya kwanta, jariri yana gefe. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo sankara. Ga yara, yana ƙara haɗarin ciwon haƙarƙari da asma da ciwon kunne. Ga mai ciki, yana iya sa a haifi jariri ba nauyi. Wannan kuwa a ƙasar da UNICEF ta ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ciwon nimoniya ya kashe a 2018, kimanin 162,000. Buɗe taga ba ya magance abin, fanka ma haka, kuma ragowar hayaƙin yana maƙalewa a labule da katifa da rigar da za a ɗauki yaro da ita.

Daga nan sai lissafin tattali ya juye. A Najeriya, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fita. In maigida ya kwanta da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko tarin fuka, wanda shan taba ke ƙara haɗarinsa, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Matar ce za ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkinta, ita za ta kwana a tabarma a barandar asibiti, ita za ta riƙe yara in abin ya zo da ƙarar kwana. Binciken da masani Richard Doll ya yi a kan likitocin Ingila, inda ya bi rayuwarsu shekara 50, daga 1951 zuwa 2001, ya nuna cewa mai shan sigari yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa in an kwatanta da wanda ba ya sha. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma matar da za ta yi takaba tana da haƙƙin ta yi magana a kan sababi. "Jikina ne" ba ta cika zama gaskiya ga mai iyali ba.

Tarkon araha

To me zai hana a yi sulhu a tsakiya, a nemo hanyar da za a sha a rage kashe kuɗi? Nan ne gidaje da yawa ke faɗawa, kuma nan ne nake ganin kuskuren yake.

Tsada tana cikin 'yan abubuwan da aka tabbatar suna rage shan taba. Abin da ya sa gwamnatoci ke ɗora mata haraji ke nan. Najeriya ta fara sa harajin naira 1 a kan kowane kara a 2018, ta ɗaga shi zuwa naira 2 a 2019, sannan naira 2.90 a 2020, ban da kason da ake karɓa a kan darajar kayan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na farashin kwali, kuma Najeriya tana nesa da wannan. Hikimar ita ce in abu ya yi tsada, mai sha yakan rage, wani ya bari, yaro kuma ya kasa farawa. Matar da ta nemo wa mijinta hanya mai araha, da kyakkyawar niyya, ta cire masa birkin da ya rage. Naira 3,000 ɗin da aka yi tsammanin za a tsira da su sukan koma cikin ƙarin karan da ake sha saboda kwali yana kusa.

Akwai kuma arahar da ke zuwa ta bayan fage. Sigarin fasa-ƙwauri ya daɗe yana ratsa iyakokin Nijar da Benin da sauran hanyoyin Sahara, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu ɗauke da makamai sun ci moriyar wannan fatauci. Mokhtar Belmokhtar, ɗan ta'addan Aljeriya, har laƙabin "Mista Marlboro" aka yi masa saboda shi. Wanda ya sayi kwalin da ba a biya masa haraji ba bai san hannun da kuɗinsa za su ƙare ba.

Ragewa fa? Mutum ya sauko daga kara 20 zuwa uku, ai an ci riba. A aljihu, ƙwarai. A jiki kuwa ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Wani babban nazari da aka buga a Ingila a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike 141, ya gano cewa namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Ragewa tana da amfani in matakala ce zuwa bari. In ta zama masauki, an yaudari kai ne.

Amma kada a ɗauka sayen kara ɗai-ɗai shi ne mafita. Dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen mulkinsa, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kowa ya san yadda dokar take a kan titi. Mafi muni shi ne ɗan aike. Uban da ke jin nauyin a gan shi a gaban mai tebur sai ya kira ɗansa ɗan shekara takwas, ya ba shi kuɗi, ya faɗa masa sunan wadda zai sayo. Yaron ya koyi suna, ya koyi farashi, ya san mai sayarwa ba zai tambaye shi komai ba, ya kuma koyi cewa wannan abin manya ne. In akwai wuri ɗaya da uwa ya kamata ta tsaya ƙyam ko da za a yi fushi da ita, to nan ne.

Tsayuwa ba tare da wulaƙanci ba

Ra'ayina a fili yake: matar da ta ƙi sayen sigari, ta ƙi ranta kuɗinsa, ta ƙi a aiki ɗanta, ta ƙi a sha a ɗakin da yara ke kwana, tana kan gaskiya, ko da hakan zai sa gidan ya yi asarar 'yan nairori a wata. Amma tsayuwa a kan aƙida daban, tozarta miji daban, kuma mata da yawa sukan haɗa su saboda zafin rai. Gori a gaban yara, kai ƙara wurin surukai tun ba a zauna an yi magana ba, binciken aljihu, karya kara a zuba a masai, toshe hanci in ya shigo. Abin da waɗannan ke haifarwa shi ne mashayin ɓoye: ya sha a waje, ya tauna goro ko citta ko alawar minti, ya shigo yana rantsuwa ya bari. An ƙara ƙarya a kan sigari, kuma ƙarya ta fi hayaƙi saurin cin aure.

Abin da wanda bai taɓa sha ba yake wuyar fahimta shi ne ƙarfin kamun nikotin. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa yake isa ƙwaƙwalwa, kuma in jiki ya saba, rashinsa yana zuwa da ƙunci da saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali. Abin ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Cikin masu yunƙurin bari da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, waɗanda ke kai shekara ba su koma ba ba su fi kashi 5 cikin ɗari ba a kowane yunƙuri. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi sau da yawa. Saboda haka mijin da ya yi alkawari ranar Juma'a ya karya ranar Talata ba lallai ne maƙaryaci ba ne, ba kuma lallai ne ya fi son sigari da 'ya'yansa ba. Yawancinsu tun suna samari suka fara, kafin su san matar, kuma da yawa a cikinsu sun fi ta tsanar abin.

Akwai labari mai daɗi a nan, kuma ya shafi aure kai tsaye. Masu bincike a jami'ar UCL ta Landan sun bi ma'aurata 3,722 masu shekara 50 zuwa sama, suka wallafa sakamakon a 2015. Inda duka biyun ke sha, in ɗaya ya bari, kusan rabin abokan zaman su ma sun bari. Inda ɗayan ya ci gaba, kashi 8 kawai suka iya. Wannan ya nuna irin tasirin da abokin zama yake da shi a kan wannan ɗabi'a, fiye da na likita ko mai wa'azi. Matar da ba ta sha ba ta da sigarin da za ta ajiye don ta ja shi, amma tana da abin yi: ta san cewa faɗan da zai yi ta yi a makon farko na ciwon ne, ta jure, ta kawar da ashana da tokar da ke tuna masa, ta lura da lokutan da ya fi nema, bayan cin abinci ko wurin mai shayi, su nemi abin da zai maye gurbinsu. Kuɗin da ba a ƙona ba kuma a riƙa jefa su a asusu ko a shiga adashi da su, don ya ga abin da suka zama da idonsa a ƙarshen wata. A nan ne lissafin kuɗi yake da amfani na gaske, yana ƙarfafa wanda ya riga ya yi niyya.

Muna kuma da wata dama da wasu al'ummomi ba su da ita. Mashayin da ke cewa ba zai iya awa biyu ba tare da ya zuƙa ba, shi ne ke yin awa 13 ko 14 bai taɓa ta ba, kwana 29 ko 30 a jere, duk watan azumi. Abin da ya rage masa 'yan awannin dare ne. Yawanci da an sha ruwa, kafin ma a yi sallar magariba, ake kunna ta farko, wasu su jera biyu ko uku. In ma'aurata suka shirya tun a Sha'aban cewa bana ba za a kunna ta buɗa-baki ba, sun fara daga rabin hanya.

Nauyin dai bai kamata ya ƙare a kan matar gida ba. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan yadda za a taimaki mai son barin taba: gajeriyar shawara daga ma'aikacin lafiya, ta daƙiƙa 30 zuwa minti uku, a duk lokacin da mashayi ya zo asibiti, tare da magunguna irin su cingam da filastar nikotin, da varenicline, da bupropion, da cytisine. Hukumar ta ce sama da kashi 60 cikin ɗari na masu shan taba a duniya suna son bari, amma kashi 70 ba su da inda za su sami taimakon. Magidancin da ya yanke shawara yau a Gusau ko Azare, in ya shiga ƙaramin asibitin unguwarsu, da wuya a tambaye shi ko yana sha, balle a ba shi magani. Masana'antar taba kuwa ta daɗe da kafuwa a ƙasar nan, tun daga kamfanin da aka kafa a Zariya zuwa babbar masana'antar kamfanin BAT da aka buɗe a Ibadan a 2003, kuma kayanta sun isa ƙauyen da motar rigakafi ke shan wuyar shiga. Jihar Kano tana cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu a 2007 suna neman diyyar jinyar mutanensu. Jihar da ta san wannan asara har ta kai ƙara, ya kamata ta iya sa tambaya ɗaya a bakin kowane ma'aikacin lafiya, ta sa maganin bari a kantin asibitocinta, ta kuma hana mai tebur miƙa wa yaro kara.